Hatsi da saniya na kan tambarin Nijar, ina masu su?

Cikin ƴan shekarun nan an taɓa alamomin Nijar fiye da yadda aka taɓa su tun samun mulkin kai. Ranar 22 ga Yuni 2023 majalisar dokoki ta amince da sabon taken ƙasa, aka jingine wanda ake rerawa tun 1961, wanda wani Bafaranshe ne ya tsara baitocinsa. A Oktoban 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai, aka sa na ɗan gwagwarmayar ƴanci Djibo Bakary. A Maris na 2025 sabon kundin da ake mulki da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Ga kuma koriyar tutar ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso tana kaɗawa kusa da tamu a ƙofar ma'aikatu.

Akasarin wannan aiki ina goyon bayansa. Ƙasar da ta haura shekara sittin da ƴanci bai dace a ce ƴaƴanta suna tsayuwa kowace safiya suna rera abin da baƙo ya tsara musu ba, balle a cikinsa akwai baitin da mutane da yawa suka ji kamar godiya ake yi wa wanda ya mallake mu. Tun 2019 gwamnatin lokacin ta ce za a canza shi, don haka ba zancen ɓangare ɗaya ba ne. Mutumin jihar Maraɗi kuma ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da mulkin mallaka ya zo da shi. A ƙasar Tasawa ne, tsakanin Ɗankori da Mai Jirgi, ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya watse a Yulin 1899, bayan ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ya bar garuruwa toka a bayansa. Duk wanda ya ce a cire sunayen wancan zamani daga titunanmu, ina tare da shi.

Abin da ke damuna shi ne duk waɗannan da alƙalami aka yi su, aikin alƙalami kuwa na yini guda ne. Ni a wurina alamar ƙasa alkawari ce. Duk abin da ƙasa ta ɗauka ta ɗora a kan tutarta, ko tambarinta, ko rigar ƴan wasanta, ta yi wa duniya shela ke nan cewa abin nan nata ne, za ta kare shi, za ta kuma kare masu shi. Idan muka auna kanmu da wannan ma'auni za mu ga alamomi ba su yi mana kaɗan ba. Cika alkawarin da ke cikinsu ne ya rage mana, kuma ya rage da yawa.

Mu fara da taken. Sabon ma da Faransanci aka rubuta shi. A kowace lakwal ta ƙauye yara za su yi layi gaban tuta, malami ya ba da murya, su rera da ƙarfinsu. Iyayensu na wucewa da hauya a kafaɗa ba su san abin da ake faɗa ba, yaran su kansu sautin suka haddace. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su yi karatun boko ba. Ta yaya waƙar da aka ce ta kowa ce za ta ratsa zuciyar wanda bai ji ta ba? Mun ga misali da idonmu tun 2023. Babu dokar da ta tilasta wa kowa ya ce "zancen ƙasa ne", ko "labu sanni no" da Zabarmanci, amma sai ga shi a bakin ɗan kabu-kabu, da mai shayi, da tsohuwa mai tuyar ƙosai, saboda sun fahimce shi. Ya kamata a samu taken ƙasa na hukuma da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunanmu, a zaunar da mawaƙan kowane harshe su zuba shi yadda zai hau kan karin, yaron Difa ya rera da nasa, na Tera ya rera da nasa.

A nan ne kuma nake son mu Hausawa mu fi kowa taka-tsantsan. Na ji daɗin matsayin da aka ba harshenmu, ba zan ɓoye ba. Amma Hausa ba doka ce ta kai ta Agadas da Gaya da Ngigmi ba. Kasuwa ce, da auratayya, da karatun allo, da zaman tare. Mutane sun ɗauke ta ne don ta yi musu amfani, ba wanda ya ɗora musu. Ranar da ta koma alamar cewa wata ƙabila ta fi wata, ranar za ta fara rasa abin da ya ba ta daraja. A babbar kasuwar Maraɗi Bafulatani da Ba'abzine da Bazabarme duk da Hausa suke ciniki da mu, mu kuwa ƙalilan ne a cikinmu suka iya gaishe su da harshensu. Idan da gaske harshen ƙasa muke so ya haɗa mu, sai mu nemi a koyar da sauran harsunan a makarantunmu na nan, mu kuma zama na farkon tsawatawa duk lokacin da wani ya yi gori da wannan matsayi.

Tuta ba ni da ƙorafi a kanta. An zaɓe ta ranar 23 ga Nuwamba 1959, tun kafin ƴancin 3 ga Agusta 1960: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'ira ruwan goro, tsanwa a ƙasa. A makaranta an koya mana cewa saman hamada ce, ƙasan yankin noma, da'irar kuma rana. Ta ga juyin mulki iri-iri, ta ga jamhuriya bakwai, ba wanda ya yi tunanin taɓa ta. Roƙona a nan ƙarami ne: tutar da ke bisa makarantu da asibitocin karkara, wadda rana ta cinye launinta, iska ta yayyage bakinta, a riƙa sauya ta. Kuɗin da ke aljihunmu kuwa babu wata alamar Nijar a jikinsa in ban da harafin H da ke kusa da lambar takarda. Kifin da ke kansa tambarin babban bankin ƙasashen yammacin Afirka ne. Wannan wata doguwar magana ce ta daban.

Wanda nake son mu tsaya a kansa shi ne tambarin ƙasa, wanda muke gani a takardun hukuma da ƙofar manyan ma'aikatu ba tare da mun ƙura masa ido ba. Garkuwa ce, tutoci huɗu sun kewaye ta. A tsakiyarta rana. A gefe guda mashi a tsaye da takubban Abzinawa biyu a gicciye. A ɗaya gefen zangarniyar hatsi uku. A ƙasa kan saniya. Tun 1962 yake haka. Waɗanda suka zaɓe shi suna iya ɗaukar zaki ko gaggafa kamar yadda ƙasashe da yawa suka yi, amma sai suka dubi abin da jama'a ke ci da abin da suke kiwo. A lokacin ba a fara haƙar uraniyum a Arlit ba, sai 1971. Matatar man fetur ta Damagaram kuwa sai 2011. Duk da zuwan waɗannan, har yau mafi yawan ƴan Nijar da gona da garke suke rayuwa. Tambarin bai tsufa ba. Ina ganin yana cikin mafiya gaskiya a Afirka, shi ya sa nauyinsa ya fi yawa: gwamnatin da ke buga hatsi da saniya a kan kowace takardarta, manomi da makiyayi suna bin ta bashi.

To yaya mai hatsin yake? Ku je kowane ƙauye na Agye ko Mayahi ko Gidan Runji da kaka. Za ku ga an jera dammuna a bakin rumbu, zangarniya doguwa, ido cike, mata na sussuka, gari na ƙamshin sabon hatsi. Ku dawo bayan wata biyu ku ga buhuna nawa suka bar garin. Bashin da aka ci da damina yana jira, ga auren ɗiya, ga magani, ga tufafin yara, dole a kai kasuwa a lokacin da tiya take arha. Da bazara, rumbu ya yi ƙasa, mutumin nan zai koma ya sayi hatsin da ya noma da tsada, wani lokaci ninki. Daga nan sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai lokacin da tasa ke son noman farko, amfanin baɗi ya ragu tun kafin a shuka shi sosai. Gonakin ma rabon gado ya yanyanka su, har a kudancin jihar mata da yawa sun rasa ƴar gamanar da a da kowace matar aure take da ita. Samari kuwa da an gama girbi sai cin rani, wasu Najeriya, wasu Libiya, wasu Aljeriya.

Ba mu manta 2005 ba. Bayan fari da farin ɗango na 2004, jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Abin da ya fi ciwo, hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Wannan shekara ta nuna mana cewa yunwar Maraɗi ba ta rashin ruwan sama kaɗai ba ce, har da ta ciniki da bashi.

Kuma ba wai ba a san magani ba. A Tarna, nan bakin gari, masu binciken aikin gona na INRAN sun daɗe suna fitar da iri mai saurin nuna, sun kuma gano yadda ake yaƙar tsutsar da ke cin zangarniya ta hanyar sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe ta, a rataya ƴan jakunkuna a gari ba tare da an fesa guba ba. Ilimin yana nan, isar da shi ga kowa ne ya gagara. Girmama zangarniya ukun nan shi ne iri da taki su iso kafin ruwan shuka, ba bayan an yi noman biyu ba. Shi ne hukumar ajiyar abinci ta sayi hatsi kai tsaye daga hannun manoma da kaka, da farashin da zai hana su karyarwa. Shi ne a ƙarfafa rumbunan gari inda mutum zai jingine buhunsa ya karɓi bashi, ya fanshe shi idan farashi ya tashi. Wanda ya yi wannan ya yi wa tambarin ƙasa hidimar da ta fi kowane jawabi.

Mai saniyar kuwa halinsa ya fi tsanani. Muna alfahari da shanun Azawak masu nono, da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, da na Kuri a bakin tafkin Cadi, kasuwannin Dakwaro da Sabon Mashi suna cika suna batsewa, tireloli na kwasa zuwa Najeriya. Amma ina saniyar za ta taka? Tun 1961 doka ta ja iyakar da noma ba zai haura ba ta arewa, a nan jiharmu wajen kwarin Tarka, aka bar abin da ke bayanta don kiwo. Gonaki sun daɗe da tsallake ta. Burtalin da a da garke ke wucewa a sake, a wurare da yawa an cinye shi daga hagu da dama har ya koma ƴar siririyar hanya, a wasu wuraren ma ya ɓace. Makiyayi ya zo ya tarar da shuka a mashayar da kakansa ya shayar. Manomi ya wayi gari ya tarar da wahalar shekara a cikin shanu. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma mun san inda abin ke kaiwa: a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, a 1991 an kashe mutum fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na makiyaya. Wannan tabo ne a jikin jiharmu, ya kamata kowane ɗalibi ya san da shi don kada a maimaita.

Dokoki ba su yi kaɗan ba. Akwai dokar karkara ta 1993 da ta kafa kwamitocin filaye tun daga gari har zuwa gunduma. Akwai ta 2010 da ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Inda aka ba kwamitocin nan abin aiki, aka kafa duwatsun iyaka a burtali, aka sanar da ranar sakin gonaki kowa ya ji, rikici yana raguwa. Inda aka bar su ba ko babur, sai mai ƙarfi ya yi yadda ya so.

Ga kuma sabuwar masifa. A ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ke bakin iyaka, ƴan bindiga sun mai da satar shanu da ɗaukar mutane sana'a. Akwai magidantan da suka sayar da shanun hudarsu da kansu, don mallakar su ta zama abin da ke jawo wa gida hari cikin dare. Mashi da takubban da ke kan tambari alamar tsaro ce da jarumtar magabata, kuma na san sojojinmu suna ba da rayukansu a fagage da yawa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma mutumin da ke kwana da ido ɗaya saboda ɗan bijiminsa yana da haƙƙin ya tambaya ko takobin nan ya san da shi.

Waɗanda suka haɗa hatsi da saniya a garkuwa ɗaya sun san abin da suke yi. A zamanin iyayenmu, da an kwashe amfani sai makiyayi ya sauka a gonar abokinsa, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, a yi wasan barkwanci. Ƙasar nan kamar ƙwaryar fura da nono take: cire ɗaya daga ciki, abin da ya rage ba zai riƙe kowa ba. Ba doka ce ta sa fura ta zama abincin ƙasa ba, amma daga Gaya har Bilma ba gidan da bai san ta ba.

Wannan ya kawo ni ga alamomin da ba a rubuta a kundi ba, waɗanda sau da yawa sun fi na kundi shiga rai. Babbarsu ita ce kokowa. Duk wanda ya taɓa zama a Maraɗi lokacin gasar takobi ya san yadda gari ke canzawa. A kowace fada an kewaye talabijin, tukunyar shayi ta tafasa ta ƙone ba mai lura. Ɗan kabu-kabu ya ɗaure rediyo a kan babur. Ƴan kokowa tamanin, goma daga kowace jiha, suna fitowa da layu da guraye, makaɗa na zuga su, ƴan cali-cali na ba mutane dariya. Da an yi kaye sai ka ji ihu ya tashi lokaci guda daga unguwar Bagalam har ta Zariya, ko ba ka kallo ka san namu ne ya kada. An fara gasar a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, ya fara ɗaukar takobin. Sunansa filin kokowarmu yake amsawa. Da Isaka Isaka na Doso ya ɗauka karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, har mu da ya sha kada mana ƴan wasa mun yarda sarki ne.

Darasin kokowa a wurina a fili yake. Gwamnati ba ta ƙirƙiro ta ba. Ta tarar da ita a dandalin ƙauye, samari na yin ta bayan girbi tun kaka da kakanni, sai ta gina mata fili a kowace jiha, ta sa tana zagayawa, ta ba ta takobi. Abin da ya fito daga ciki shi ne kwana goman da ɗan Nijar ya fi jin shi ɗan Nijar ne, yana jin sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba, yana son wani Bazabarme ko Babarbare saboda iya kamunsa. Haka ake yin alamar ƙasa: a duba abin da ke hannun jama'a, a ɗaga shi.

Akwai inda muka ɗaga suna muka bar mai sunan. Ƙungiyar ƙwallonmu Mena ce, sunan wata barewa, kuma mun yi murna da ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, ta sake zuwa a 2013. Amma ita barewar da aka ara sunanta tana bakin ƙarewa. Waɗanda suka rage a daji a duniya baki ɗaya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, namu suna maƙale a duwatsun Termit da na Abzin, farauta da mota da bindiga ta ƙarar da sauran. Zai zama abin kunya a wayi gari tana kan riga kaɗai. Raƙuman dawa na Kure sun nuna cewa abin ba ya gagara: a 1996 saura 49, aka tsaya musu tare da mutanen ƙauyukan wurin, yau sun haura 600, har a 2018 aka kawo takwas dajin Gadabeji, nan arewacin jiharmu, inda suka daɗe da ɓacewa.

Haka jar akuyar Maraɗi, dukiyar matan karkara, mai haihuwar tagwaye, wadda fatarta ta ratsa hamada tun zamanin ayari har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. A 2023 an yi wa fatarta rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta Afirka, tare da kilishi da albasar Galmi da cuku. Takardar ta yi kyau. Sai dai har yanzu yawancin fatun ɗanyu suke fita, ribar jima da ɗinki ta tafi wata ƙasa, dukawanmu na fama da ƙaramin jari.

Na bar gawo a ƙarshe don shi ne nake son a yi wa wani abu. Kundin tsarin mulki na 2010 ya jera tuta da take da kirari da hatimi da tambari, babu itace a ciki. Itacen da duniya ta fi sanin mu da shi kuwa matacce ne: wanda ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai. Tun 1975 muke haɗa bikin ƴanci da dashen itatuwa kowace 3 ga Agusta. Niyya ce mai kyau, amma duk mun san makomar yawancin dashen: a dasa, a ɗauki hoto, rani ya zo, awaki su gama da shi.

A gonakin Maraɗi da Damagaram kuwa an yi wani abu da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar nan ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, sai a shuka sau biyu sau uku. A da manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ga kuma tsoron ma'aikatan gandun daji, don itace na gwamnati ne, wanda ya sare reshe a gonarsa ma ana iya cin sa tara. Saboda haka da tsiro ya fito sai a kashe shi tun yana ƙarami. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Ba sai an dasa komai ba. A zaɓi tsiro mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi. Manoma suka karɓa suka sa masa suna sassaben zamani, ya bazu daga gona zuwa gona, daga baki zuwa baki. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba ma'aikata ce ta dasa su ba, talakawa ne da gatari da adda.

Na ga kawuna yana wannan aiki a gonarsa wajen Agye. Ya durƙusa gaban wani ɗan kututture mai tsiro kusan goma, ya duba su ɗaya-ɗaya, ya bar biyu madaidaita, ya yanke sauran da saran sama don kada ɓawon ya tsage, ya ɗaura ɗan tsumma a jikin wanda ya bari don mai wucewa ya san da mai shi. Na ce, "Kawu, ba zai danne maka hatsi ba?" Ya ce, "Ɗan nan, gawo ne. Je ka duba ƙarƙashin wancan babban ka gani." Na je. Karan da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gonar kauri da tsawo, ba sai an gwada ba.

Dalilin a halittar itacen yake. Sauran itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa da damina yake zubar da nasa, sai rana ta samu shuka, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo ƴaƴan da dabbobi ke rububi. Su kuma su kwanta a gindinsa su bar kashi. Itace ɗaya yana ciyar da zangarniya yana ciyar da saniya. Tarihin baka na Damagaram ma yana cewa sarakunan can sun hana saransa da hukunci mai tsanani. Idan akwai abin da ya cancanci a kira itacen ƙasa a hukumance, a sa shi a littattafan makaranta da kan sarki, to gawo ne, don a jikinsa ake ganin aikin da ƴan Nijar suka yi da hannunsu har wasu ƙasashe ke zuwa koyo.

Wani zai ce wannan ma ai alƙalami ne. Haka ne, in aka tsaya a suna. Shi ya sa nake son sunan ya zo da aiki. A 2020 an fitar da dokar da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. A fassara ta, a karanta a gidajen rediyon karkara har kowa ya ji, manomi da ma'aikacin gandun daji baki ɗaya. Ranar 3 ga Agusta, kafin a dasa sabo, a fara ƙirga na bara da suka rayu, a faɗa wa jama'a adadin. Lambar girma ta ƙasa ta riƙa isa ga irin mutanen ƙauyen Ɗan Saga, da suka kafa kwamitin gari, maza da mata da makiyaya, suna tsaron itatuwansu.

Babbar barazanar itatuwan nan yanzu daga birni take. Kowace safiya amalanke da motoci na shigowa Maraɗi da itacen girki, kuma wani ɓangarensa da dare aka sare shi a gonar wanda ya shekara goma yana raino. Muddin tukunyar gas ta fi ƙarfin matar unguwar Mokoyo ko ta Sabon Gari, ko ta je saye ta tarar babu, da itace za ta girka, mai sara kuma zai ci gaba da samun kasuwa. Gas ɗin nan a matatarmu ta Damagaram ake yin sa. A sauƙaƙa kuɗin tukunyar farko ga gidajen talakawa, a tabbatar ba ya yankewa a unguwanni, a kuma sa masu shigo da itace su nuna inda suka samo shi a ƙofar gari.